Abin da na tsinta a hirar hanyar Bilma

To jama'a ga abin da direbobin Agadas suka fi nanatawa kan shiga Tenere, wato hamadar da ke tsakanin Agadas da garin Bilma a Nijar. Na farko kar ka kuskura ka tafi da mota ɗaya ko da sabuwar Land Cruiser ce, ku haɗa biyu ko uku, ka nemi Buzu ko Tubu masanin hanya saboda iska na shafe sawu cikin dare ɗaya, GPS kuma baya nuna maka inda yashi ke cin mota. Ka rage iskar taya, ka fita da asuba yashi na da ƙarfi lokacin.

Masu babur kuwa an sha musu, tankinsu ba zai kai Fachi ba, garin da ke kan hanya kafin Bilma, sai mota ta ɗauko musu jarkokin fetur da ruwa. Maganar tsaro dai kowa cewa yayi bi ayarin sojoji kawai.