Saya Aka Yi Ko Ƙwace Aka Yi?

Alhajin Kwari: Jama'a raina a ɓace yake. Ɗazu a majalisa wani yaro da ya gama digiri shekaranjiya ya kalli tsabar idona ya ce Amurka ba ta taɓa yin mulkin mallaka ba, wai aikin Ingila da Faransa ne. Na ce to Filifin fa? A 1898 ta saye ta daga Sifaniya kan dala miliyan 20, da mutanenta da komai, ba ta sake ta ba sai 1946. Aka kwashe da dariya, har mai shayi sai da ya ajiye buta.

Malamin Makaranta: Alhaji, ai da bakinka ka kashe maganarka. "Saya" ka ce. Wanda ya ƙirga kuɗi ya biya ba ɓarawo ba ne. Alaska ma sayenta ta yi daga Rasha a 1867, dala miliyan 7.2.

Maman Biyu: Malam, saya daga hannun wa? In na sayar maka da gidan maƙwabciyata tana ciki tana tuƙa tuwo, ka saya kenan? Mutanen Filifin sun ayyana 'yancinsu tun Yunin 1898 a ƙarƙashin jagoransu Aguinaldo. Da suka ga an canza musu ubangida ne kawai, yaƙi ya ɓarke a 1899.

Malamin Makaranta: Hajiya, an sa hannu a takarda a Faris, Disamba 1898. Ciniki ya faɗa.

Ustazu: A fiƙihu wannan sunansa cinikin fuduli, wato ka sayar da kayan wani ba da izininsa ba. Ba ya tabbata sai mai kaya ya amince.

Malamin Makaranta: Allah gafarta Malam, Sifaniya ta fi shekara 300 tana riƙe da ƙasar. Ita ce mai kaya.

Maman Biyu: Au, daɗewar ɓarawo a ɗaki ke mayar da shi maigida?

Alhajin Kwari: Ni fa ba a kan saye nake magana ba, mulkin mallaka na ce.

Ɗan Agadas: Duk wannan surutu ne. Mu mun gani da ido. Sansanin jiragen Amurka marasa matuƙi yana nan bayan gari, a 2024 muka ce su tattara, suka tattara. Ku kuna nan kuna saya ko ƙwace.

Auta: Kun kori Amurka kun shimfiɗa wa Rasha tabarma. An gudu ba a tsira ba.

Ɗan Agadas: Kai yaro, 'yan Najeriya da suka yanke mana wutar lantarki a 2023 ne za su koya mana 'yanci?

Auta: Wutar da mu ma ba mu gani ba? Kuma ni ba yaronka ba ne.

Ustazu: A ji tsoron Allah, 'yan'uwan juna ne ku.

Maman Biyu: To Malam mai son rasit, nawa aka biya a Hawai? A 1893 Turawa masu gonakin rake suka tumɓuke Sarauniya Liliuokalani, sojan ruwan Amurka na tsaye a Honolulu da bindigogi. A 1898 aka haɗe tsibiran da Amurka. Amurka da kanta ta nemi afuwa a 1993. Ana neman afuwa a kan halattaccen ciniki?

Malamin Makaranta: Hawai yanzu jiha ce tun 1959. Ki ba su zaɓi ki ga ko za su fita.

Auta: Shi Malam tunda ƙaninsa ya samu biza ya zama lauyan Amurka.

Malamin Makaranta: Admin, a ja wa yaron nan kunne. Na koyar da sa'o'in yayansa.

Admin: To ya isa haka, dare ya yi. Abin da aka cimma: Alhaji da kansa ya yarda saya aka yi, kuma Malam ya kawo hujja da shekaru. Sauran maganganun duk son zuciya ne. Auta, ka ba Malam haƙuri.

Maman Biyu: Admin, ina ka kai maganar Hawai? Ko don ajinku ɗaya da Malam?

Alhajin Kwari: Ni gobe me zan je in faɗa wa yaron can?

Admin: Na rufe sai da safe.