Askata tana fizgar gashi bayan na goga ta a fatar bel, ina matsalar take?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da askar da na gada wajen kawuna, irin mai naɗewa cikin ƙota, da ita nake gyaran gemu. An wasa mini ita a babbar kasuwar Maradi, ta yi kaifi. Amma in na goga ta a bel ɗina kafin aski, sai ta riƙa fizgar gashi, fuska na raɗaɗi. Fatar bel ɗin ce ba ta dace ba, ko ƙarfen ne ya gaji?

Baba Wanzam:
Wa alaikumus salam ɗana. Ƙarfe bai gaji ba, riƙon ne. Dutse ke wasa aska, fata miƙar da baki take yi ta goge shi, domin kowane aski yana ɗan lanƙwasa bakin yadda ido ba ya gani.

Ɗaure fatar a ƙarfen taga, ka ja ta miƙe sosai. In ta yi sako-sako sai ta naɗo bakin ta dakusar da shi. Kwantar da askar, baki da baya duk su taɓa fata, sannan ka ja, baya na gaba baki na biye. A dutse ne baki ke shiga gaba. In ka kai ƙarshe ka mirgina ta ta baya, kada ka juya ta ta baki, nan ake yanke fata a ɓata kaifi. Ban da dannawa, nauyin askar ya isa. Zuwa da dawowa 30 zuwa 50, a tsanake. Masu yi fat-fat-fat don a kalle su, burga ce kawai.

Baduku Mokoyo:
Baba ya gama magana, ni dai bel ɗin ne ban yarda da shi ba: ga ɗinki, ga huji, ga fenti. Nemi fatar saniya mai santsi, faɗin yatsa uku. Fatar jar akuyarmu ta Maradi ta yi suna wajen laushi, sai dai ba ta da kauri kuma tana miƙewa, don haka a manna ta a kan katako mai lebur. Da hunturu ka share ƙura da tafin hannu kafin ka ɗora aska, ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta yi wa baki giɓi. In fatar ta bushe, ɗigon mai kaɗan, a murza.

Ɗan Bagalam:
Allah ya saka da alheri. Baba, in na yi duk wannan ba ta gyaru ba fa?

Baba Wanzam:
Gwada ta a gashin hannunka. In ba ta ɗauke shi da sauƙi ba, ta koma dutse mai laushi da ruwa, ban da injin wasa wuƙa. Bayan aski ka tsane ta sosai saboda tsatsa. Kuma kada ka ba kowa aro, ko ɗan'uwanka ne, ciwon hanta yana bin jinin da ke jikin aska.