Neman kalma: me za mu kira daɓen da ke saman bututun hayaƙi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani ɓangare na gini da na daɗe ina nema masa suna da Hausa, kuma ina ganin na kai ga matsaya, sai dai ina so ku auna ta tare da ni kafin in ci gaba da amfani da ita a rubutu.

A gidajen da ake hura wuta a cikin ɗaki saboda sanyi, ana gina bututun hayaƙi da jan bulo, ya huda rufi ya fito sama. A cikinsa akwai wani bututun na gasasshen yumɓu ko na ƙarfe, wanda shi ne ainihin hanyar hayaƙin. Tsakanin bakin wannan na ciki da gefen ginin akwai kaurin bulo da ke kallon sama, kuma da za a bar shi a buɗe, duk ruwan da ya sauka sai ya bi ta tsakanin bulo ya shige. Saboda haka ake zuba masa kankare kewaye da bakin, a karkata shi ya gangara waje. Wannan zubin nake nema wa suna. Turawan Amurka suna kiransa da kalmarsu mai nufin kambin sarauta.

Na san abin ido da ido ne a wani gida da na taɓa zama, inda tabon ruwa mai launin shayi ya fito a silin, daf da bangon murhu. Sau biyu ana duba rufin ba a ga ɓaraka ba. Da aka hau har can sama, sai ga tsaga ta ratsa zubin daga bakin bututun zuwa kusurwa, faɗinta ya isa a zura makulli, ga gansakuka ta tsiro a ciki, ga farin gishiri-gishiri ya feso a jikin bulon da ke ƙasa. Lokacin da na zo ba da labari da Hausa sai na rasa abin da zan ce ya tsage.

Kalmar farko da za ta zo wa mai fassara ita ce kambi, kuma ban yarda da ita ba. Kambi ado ne, ana ɗora shi ana sauke shi, kuma wanda ya ji "kambin bututu" zai ɗauka ƙawa ce aka yi wa gini, wadda idan ta fashe ba abin gaggawa ba ne. Alhali tsagar nan ba ta tsayawa yadda take. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, don haka wanda ya kwanta a cikin tsagar da rana ya zama ƙanƙara da dare zai buɗa ta kaɗan, washegari ta ɗauki ruwa fiye da na jiya. Haka ake yi har fuskar bulo ta fara ɓantalewa.

Murfi ma na ajiye shi, kuma dalilina a nan ya fi ƙarfi. Aikin murfi toshe baki, wannan kuwa ba ya taɓa rufe hanyar hayaƙi. Kalmar da za ta sa wani ya zaci ana liƙe bakin bututun da siminti kalma ce mai haɗari, domin hayaƙin da bai sami mafita ba cikin ɗaki yake komawa, da gubarsa wadda ba ta da wari. Daɓe kuma, wanda na ara na sa a taken rubutun nan, ya faɗi yadda abin yake amma tunanin mai sauraro ƙasa yake kai shi, wurin da ake takawa.

Hula ta fi kusa, sai dai tana da mai ita. Akwai wani ƙarfe dabam da ake kafawa a bisa bakin bututun, mai ɗan rufi da raga a gefe, yana tare ruwan da zai faɗa kai tsaye cikin ramin, yana hana tsuntsaye yin sheƙa, yana kuma tare tartsatsi. Wannan shi ya cancanci a ce masa hular bututu, tunda ana saka shi ana cire shi. Mutane da yawa suna rikita abubuwan biyu, su sayi ƙarfen su kafa, yoyo kuma ya ci gaba domin ɓarnar tana ƙarƙashinsa.

Abin da na tsaya a kai shi ne rawani: rawanin bututun hayaƙi. Maginanmu sun riga sun ba ƙarshen bango na sama, wanda ke kewaye rufin soro, wannan sunan, ke nan kalmar ba baƙuwa ba ce a bakin mai gini. Sannan siffar ta dace, domin rawani naɗa shi ake yi kewaye da kai, hula tana tsakiya, kuma haka zubin nan yake zagaye bakin bututun, hular ƙarfe tana bisa. Na san za a ce rawanin soro tashi yake yi ya tare ruwa har ya kai shi ga indararo, wannan kuwa zubar da ruwan yake ta kowane gefe. Gaskiya ne, amma dukkansu ƙarshen gini ne na sama da ke fuskantar ruwa kafin kowa, kuma da zarar an ce "na bututun hayaƙi" babu sauran ruɗani.

Kalma ba ta zama sai ta yi aiki a cikin zance, don haka ga gwaji. Idan tsagar rawanin siririya ce kamar gashi, ana kankare wurin da burushin waya, a bari ya bushe sarai, a shafa masa maganin hana ruwa mai danƙo wanda yake miƙewa ba ya tsagewa. Idan ta yi faɗi, sai an cike ta da simintin faci kafin a shafa. Idan kuwa rawanin ya farfashe har yana motsi a hannu, faci ɓata lokaci ne. Sai a toshe ramin da tsumma na ɗan lokaci don kada ɓaraguzai su faɗa ciki, a sare tsohon da guduma, a kafa katako, a sa ragar ƙarfe, a zuba sabo. A nan ne magina da yawa ke kuskure, su yi amfani da ragowar kwaɓin siminti da yashi da suka ɗora bulo da shi, alhali kankare mai tsakuwa ake bukata, kaurinsa kada ya gaza santimita 5 ko a wurin da ya fi siranta. Ba a manna rawani da bututun ciki, domin bututun yana buɗewa idan ya ɗauki zafi; ana barin 'yar tazara a cike ta da abin liƙi mai laushi da ke jure zafi. Ba a zubin a ranar da ake tsoron daskarewa, kuma ana rufe shi da leda na wasu kwanaki don kada ya bushe da gaggawa.

Saura abu ɗaya da ban gama yanke masa hukunci ba. Rawani mai kyau yana zarce jikin bulo da kamar santimita 5, kuma a ƙarƙashin wannan leɓen ana yin ɗan tsagi a kewaye, yadda ruwan da ya lallaɓo ta ƙasa zai tsaya a nan ya ɗiga, maimakon ya koma ya bi bango. Ni dai maɗiga nake ce wa tsagin, wato maɗigar rawani. Idan a cikinku akwai magini da ya gaji wani suna daga maigidansa na irin wannan tsagin, ko a ƙasan dakalin taga ne ya san shi, ina roƙon ya faɗa mana, domin nasa zan ɗauka in bar nawa.