Mayen ƙarfen da ba ya jan ko allura: wane suna za mu raɗa masa?

Jama'a, ku matso mu yi suna. Ina shirya darasi na ci karo da abin da Turawa ke kira single-molecule magnet, sai alƙalami ya cije.

Maganaɗisun bayan lasifika, wanda yara ke ɓallowa suna tsintar ƙusa a cikin rairayi, ƙarfinsa na taron dangi ne: zarra bila adadin sun fuskanci gefe guda. Wannan kuwa molekul ɗaya tak ne, wato 'yan zarra da suka haɗe wuri guda, ke riƙe da alƙiblarsa. In an juya shi sama ya tsaya sama, in ƙasa ƙasa. Ga 1 ga 0 ke nan, shi ya sa ake kwaɗayinsa don ajiyar bayanan kwamfuta.

Wani ɗan'uwa ya ce mu ce "ƙaramin mayen ƙarfe". Malam, a yi mini afuwa, ban yarda ba. Maye ja yake yi, shi kuwa wannan ko allura ba zai ɗaga ba, aikinsa riƙo. Maganaɗisu ya fi.

Rigimar tana ga molekul. An kawo "ƙwaya", amma kaya ya yi mata yawa: ƙwayar zarra, ƙwayar halitta, ƙwayar cuta. Ka kuma faɗi "maganaɗisun ƙwaya" a tasha ka ga kallon da za a yi maka. Ni curi na zaɓa, kamar curin fura, zarra ne aka cure wuri guda. Wato maganaɗisun curi guda.

Ku gwada shi da abin da aka ƙera. Na farkon da ya yi suna, wanda Roberta Sessoli da abokan aikinta na Florence a Italiya suka bayyana a 1993, curi ne mai zarrar manganis 12, sai dai ba ya riƙo sai a sanyin wajen digiri 269 ƙasa da sifili. Daga baya aka koma ga sinadarai masu nauyi, don a cikinsu juyin ɗan lantarkin cikin zarra (electron) a kan kansa ɗaure yake tamau da kewayen da yake yi wa tsakiyar zarrar, alƙibla ba ta saurin kuɓucewa. A 2017 masana a Jami'ar Manchester suka matse zarrar disfurosiyam guda, ɗaya daga cikin sinadaran nan masu nauyi, tsakanin zobba biyu na kabon, ta riƙe har kelbin 60, wato wajen digiri 213 ƙasa da sifili (kelbin daga ƙarshen sanyi yake fara ƙirga, yana hawa sanyi na raguwa). A 2018 aka kai kelbin 80, an haura 77 na ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya fi wancan tsananin sanyin na baya araha nesa ba kusa ba.

Za a ce to ai zarra guda ce, ina curin? Zobban ne ke tsayar mata da alƙibla, cire su riƙo ya tafi. Curin dai.

Shi disfurosiyam, mai lamba 66 a jadawalin sinadarai, mu bar shi da sunansa. Daga Girkanci yake, ma'anarsa mai wuyar samu. Na so in ce mu kira shi Wuyar-samu, sai na tuna ɗalibi zai duba jadawali ya tarar da Dy.