Abin da muka tattara kan asibitin talaka

Jama'a, maganar da muka yi kan yadda za a gyara asibitocin da talaka ke zuwa ta yi tsawo, ga abin da na tsinta:

1. An yarda doka ba ita ce matsalar ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Najeriya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya matakin farko, amma sai a 2018 aka fara sa shi a kasafi.

2. Mafi yawa sun ce a shiga kwamitin gunduma mai sa ido kan asibiti, a tambayi nawa ya shigo asibitin unguwa. Wata ta ce da ta kai haihuwa, sai da ta sayi safar hannu da auduga, ungozoma na haska ta da fitilar waya.

3. A nan aka rabu: wasu na son zanga-zanga, wasu sun ce a bi ta hannun mai unguwa da limamai. Ni dai na fi karkata ga rediyo; ɗan majalisa ba ya son jin sunansa da safe.

4. 'Yan Nijar sun ce tun 2006 magani kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, sai dai gwamnati kan yi jinkirin biyan asibitoci.