Labarin aljanu yana cikin "adabin hasashe"?

Ɗalibar Samaru: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau malaminmu ya ce duk labarin da ya taso daga "da a ce" sunansa adabin hasashe: na kimiyya, na tsafi, na ban tsoro, har na duniyar gobe. Wai marubucin Amurka Robert Heinlein ya yi amfani da sunan tun 1947. Sai malamin ya cusa labaran aljanu a ciki. Ni fa ban gamsu ba.

Mai Littattafai: Ƙanwata, na tsufa ina sayar da littafi a Sabon Gari, ba wanda ya taɓa ce mini "ba ni na hasashe". Na soyayya, na yaƙi, na aljanu, shi ke nan. Amma suna yana da rana. Shekaranjiya wata ta dawo mini da littafi tana faɗa: amarya a bango, ƙwarangwal na magana tun shafi na uku. Da fitila a kunne ta kwana.

Baba Malam: Yarinyar nan ta fi malaminta gaskiya. Aljani ba "da a ce" ba ne, sura guda gare shi a Alƙur'ani. Wanda bai yarda da shi ba ne zai kira shi hasashe.

Injiniya: Allah gafarta Malam, samuwar aljani daban, abin da marubuci ya sa shi ya yi daban. Ku duba Gandoki na Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafan gasar rubuta labaran Hausa ta 1933 da aka shirya a nan Zariya. Ya fara da yaƙi da Turawa, wanda tarihi ya sani, ya ɓulle ga artabu da aljanu. Wannan artabun wa ya gani?

Baba Malam: Ɗana, wannan almara ce. Muna da sunanmu tun kafin a haifi Baturen.

Injiniya: To Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Dembo fa? Yaro aka ɗauka zuwa sararin samaniya, littafin ya fito a 1969, shekarar da aka taka wata. Ita ma almara ce? Mai son irinta in ka miƙa masa Gandoki ka cuce shi.

Baba Malam: Wannan kam na bar muku, ku kira ta ta kimiyya. Aljanu dai a fitar da su daga kwandon.

Mai Littattafai: Ni dai ku faɗa mini kwalin da zan sa Gandoki. Tun tuni yana cikin na yaƙi, kuma ba wanda ya dawo da shi.

Ɗalibar Samaru: Kawu, bar shi a nan. Jarrabawa ranar Litinin, abin da malam ya faɗa zan rubuta masa.