Taƙaitawa kan batun daina amfani da kalmomin "ubangida" da "bawa" a harkar kwamfuta

Ga abin da na tattaro daga muhawarar da aka yi kan kalmomin Turanci "master" da "slave", waɗanda masu rubuta manhaja suka daɗe suna kiran na'urar da ke ba da umarni da wadda ke binsa da su.

1. Akasarin mahalarta sun yarda cewa kalmomin suna tuno da bautar da baƙar fata a Amurka, wadda ba a haramta ba sai a 1865, kuma akwai madadinsu da suka fi bayyana aikin na'urar.

2. Masu son a canza sun kafa hujja da cewa Python, wani yaren rubuta manhaja, ya cire su a 2018, sannan bayan kisan George Floyd, wani baƙar fata ɗan Amurka, a 2020, GitHub, dandalin adana ayyukan manhaja, ya sauya sunan babban reshe, wato ainihin kwafin aiki, daga "master" zuwa "main", kuma aiki bai tsaya ba.

3. A nan ra'ayi ya rabu. Wasu suna ganin kamfanoni na fakewa da sauya kalma, alhali ba su ƙara ɗaukar baƙar fata aiki ba. Wasu suka ce wanda kalmar ke sosa wa rai shi ya fi cancanta a saurara, kuma ni ma nan na karkata, domin ba a tambayar mai lafiya zafin ciwo.

4. Shawarar da aka fi maimaitawa ita ce a fara da sababbin ayyuka, tsofaffi kuwa a bi su a hankali, saboda sauya suna yana iya lalata manhajojin da suka dogara da shi.